Gidan Ɗan Hausa da Gwanintar Maginan Kano

A unguwar Nasarawa ta Kano, ba nisa da gidan gwamnati, akwai wani gidan ƙasa da ya sha ruwan damina fiye da ɗari yana nan tsaye. Lokacin da aka ɗora shi babu siminti a bangonsa, babu rodi a rufinsa. Ƙasa ce da ruwa da ciyawa da itacen giginya, sai hannun mutanen da suka san sirrin haɗa su. Kanawa na kiransa Gidan Ɗan Hausa, kuma duk ɗan makarantar da aka taɓa kai shi ziyara can ya ji labarin Baturen da gidan ya ci sunansa. Labarin da ba a cika bayarwa ba shi ne na maginan da suka tayar da shi, da waɗanda suka gaje su suna yaɓe shi. Nasu labarin nake son bayarwa, domin a wurina su suka fi cancantar yabo. Amma dole a fara da masu gidan, don ta nan za a gane yadda aka yi ya kai yau, alhali sa'o'insa da yawa sun koma ƙasa.

Kafin zuwan Turawa, Nasarawa ba unguwar manyan ma'aikata ba ce. Gandun sarki ne a bayan ganuwa, irin na Fanisau da Ɗorayi, inda bayin sarki ke noma, sarki kuma yana da gidan da yake sauka in ya fito daga birni. Wannan gidan sarkin yana nan har gobe, a can aka binne Sarki Ado Bayero a 2014. Abin da aka fi ruwaitowa a Kano shi ne, asalin Gidan Ɗan Hausa mazaunin wani babba ne mai kula da gandun. In haka ne, to tun fil'azal gidan sarauta ne, wanda ke ciki riƙo kawai yake yi.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Aka naɗa Abbas. Turawa ba su yarda su zauna cikin birni ba, sai suka yada zango a gabas da ganuwa, wajen Nasarawa da Bompai. Cikin waɗanda suka biyo baya akwai Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara shigowa ƙasar nan, daga baya ya bari, ya zama ɗan Ingila, ya kama aikin gwamnati aka tura shi Borno. A 1906 ya keto Sahara tare da ayari tun daga Tarabulus har Borno, ya rubuta littafi a kan tafiyar wanda ya fito a 1910. Hausar da ya iya da yadda ya saje da mutane su suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa. Gwamna Girouard ya ɗora masa nauyin tsara ilimin boko a Arewa, ya je ya dubo makarantun Masar da Sudan, ya dawo ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909. Akwai ajin malamai, akwai na 'ya'yan sarakuna, akwai kuma sashen koyon sana'a. A Gidan Ɗan Hausa ya zauna, bayan an sake gina shi an faɗaɗa, a nan kuma matarsa Isabelle ta same shi. Ƙa'idojin rubutun Hausar boko da ya fitar a 1912 a zamanin zamansa na Nasarawa aka yi su.

Ba zan ɓoye ba, Vischer ma'aikacin mulkin mallaka ne, makarantarsa kuma an kafa ta ne don samar wa En'e ma'aikata. Zamansa a gidan ƙasa ma akwai larura a ciki, tunda jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, kafin nan duk kwano ko simintin da za a kawo sai an ɗauko shi a ka ko a bayan dabba. Duk da haka ina ba shi abu ɗaya: yana da ido. Ya ga aikin maginan Kano ya gane cewa ba abin raini ba ne, ya bar su suka yi masa gida yadda suka iya. Wannan ra'ayi bai mutu da tafiyarsa ba. Kwalejin Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ita ma da ƙasa aka gina ta.

Yaƙin duniya na farko ya ja Vischer ya koma Turai, a can ya rasu a 1945. Gidan bai bi shi ba, bai kuma zama gadon 'ya'yansa ba. Dokar ƙasa ta 1910 ta riga ta sa filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, don haka jami'an Turawa suka ci gaba da zama a ciki. Da aka sami mulkin kai a 1960 ya koma hannun gwamnatin Arewa, da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 ya dawo hannunta. Yanzu Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar ce ke riƙe da shi, ta mai da shi gidan adana kayan tarihi. Duba jerin nan da kyau: sarki, Turawa, gwamnati. Ba a taɓa zama a kansa don rabon gado ba. Gidajen attajiran birni da suka yi zamani da shi, da yawansu rabon gado ne ya ci su. Magada sun yi yawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kira magini, har damina ta yanke hukunci, a sayar da fili a raba kuɗi. Shi wannan kullum yana da mai shi guda ɗaya wanda ke da halin biyan yaɓe.

To, yanzu ga aikin kansa.

Ginin ƙasa daga kududdufi yake farawa. Duk tsohon garin Hausa da ka gani da kududdufai a gefensa, ramukan da aka haƙi ƙasar gina shi ne. Magini ba ya ɗaukar kowace ƙasa. Zai dumbuzo ta, ya jiƙa, ya murza tsakanin yatsunsa. In yashi ya yi mata yawa ba za ta kama ba, in kuma yumɓu ya yi yawa za ta tsattsage da zarar ta bushe. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa yake nema. In an haƙo sai a tara, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa ko kashin doki, samari su shiga da ƙafa suna takawa. Ba a amfani da ita ranar. Sai a bar ta ta kwana kwanaki, a sake jiƙawa, a sake takawa, har ciyawar ta ruɓa ta saki danƙonta. Mu da muka tashi a ƙauyukan Kumbotso mun sha jin tsohon magini ya sa hannu a kwaɓi ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, ƙasar nan ba ta nuna ba, ku ƙara mata kwana." Yaro kuma ba abin da zai ce sai "To, Baba." Ba ya gardama, don ya san bangon da aka yi da ɗanyen kwaɓi ba ya ganin jikoki.

Daga kwaɓin nan ake yin tubali. Babu akwatin bugawa irin na bulo. Da tafin hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa, kai tsukakke, a jera a rana ya bushe sarai. Wanda bai sani ba zai ɗauka rashin kayan aiki ne ya sa aka yi shi haka. Ba haka ba ne. In aka jera tubali a tsaye, kai sama, tsakanin kowane biyu akwai gurbin da kwaɓi zai cike, sahun da ke bisa kuma ya zauna a kan wannan cikon. Da haka bango ke zama dunƙule guda, babu doguwar gaɓa madaidaiciya da tsaga za ta bi. A gindi bangon yana da kauri, a manyan gine-gine har ya kai mita 1 ko ya wuce, yana hawa yana sirancewa, ana rage sahun tubali. Nauyin na ƙasa, saman ba ya wahalar da gindin.

Abin kallo shi ne yadda ake ɗora shi. Magini ba ya kafa katako ya hau. A kan bangon da yake ginawa yake zama, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yana ja da baya. Yaro na ƙasa yana jefo masa tubali da curin kwaɓi, yana cafewa da hannu ɗaya yana dasawa, ko kallon yaron ba ya yi. Ma'auninsa jikinsa ne: taƙi, kamu, gaba, taku. Idonsa ne ke gaya masa ko bango ya miƙe. Kuma yana da haƙurin da ke ba ni sha'awa ƙwarai, domin ba ya ɗora sahu da yawa a yini ɗaya. In ya kai inda ya san danshin ƙasa ba zai ɗauki ƙari ba sai ya sauko ya koma wani ɓangare, ko mai gida na ta gaggawa. Shi ya sa rani ne lokacin gini, bayan an kai amfanin gona gida, rana na da ƙarfi, hannaye kuma sun samu.

Bango dai kowane ƙauye na da mai iya tayar da shi. A rufi ake gane gwani.

Matsalar ita ce, ƙasa tana jure danni amma ba ta jure ja. In ka shimfiɗa ta a sarari ba abin da ya tallafe ta, karyewa za ta yi. Maganin da maginan Hausa suka samo shi ne azara, wato gangar giginya da aka faskara tsawo-tsawo. Namijin giginya aka fi so, don ya fi tauri, gara ba ta cika iya masa ba, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba. Sai dai azara ma tana da iyaka: in aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta ƙetare fiye da kimanin mita 2 ba tare da ta lanƙwasa ba. Da a nan dabara ta tsaya, da duk ɗakunan soro sun zama 'yan lunguna. Sai magini ya fara neman hanya. Ya fito da azara daga saman bango ta leƙo ciki, a ɗora wata a kanta, tazara ta ragu. Ya gicciya wasu a kusurwoyi huɗu, ɗaki mai murabba'i ya koma mai kusurwa takwas, ramin da za a rufe ya tsuke. In ɗakin babba ne ya kafa ginshiƙi a tsakiya. Duk waɗannan dabaru ne masu kyau, amma wadda ta fi su ita ce bakan gizo.

Ga yadda ake yinsa. Tun bango bai kai ƙarshe ba, magini zai dasa azara a cikinsa, kanta ya ɗan leƙo cikin ɗaki, ya danne gindinta da gini. Ya bar wurin ya bushe. Sa'an nan ya kawo wasu azarorin ya ɗaure su da igiya a jikin na farko, sun ɗan ƙara tsawo, sun ɗan ƙara rusunawa ciki, ya lulluɓe da kwaɓi, ya sake jira. Haka zai yi ta yi daga wannan bango, haka daga wanda ke fuskantarsa, kowane ɓangare ana ce masa ƙafa. Ƙafafun nan biyu suna tasowa suna karkatowa juna har su kusa haɗuwa, sai a shimfiɗa azara a bisa a ɗaure su tare. In aka shafe duka da ƙasa sai ka ga baka guda lafiyayye ya tashi daga bango ya sauka a bango. Babu wani katakon da aka kafa a ƙasa ya riƙe shi lokacin da ake aikin, kowane mataki shi ke ɗauke da na gaba. Aikin da rodi ke yi a cikin kankare shi azara ke yi a cikin ƙasa, kuma maginanmu sun gano haka tun kafin siminti ya zo ƙasar nan.

In baka biyu ko fiye suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, an sami ɗaurin guga. Rufin ya rabu kashi-kashi, kowane kashi bai fi ƙarfin azara ba, sai a jera ta a tsakani, wani lokaci a karkace don ado, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a tayar da tulluwa yadda ruwa zai gangare. Da wannan dabara ɗaki kan kai mita 7 ko 8 babu ginshiƙi ko ɗaya. A mahaɗar bakunan akan liƙa tasa ko faranti. Duk wanda ya shiga Gidan Ɗan Hausa, ko Gidan Makama, ko sorayen Gidan Rumfa, in bai ɗaga kai sama ba, bai ga komai ba. Kuma ya tuna cewa wanda ya yi wannan bai zana shi a takarda ba. A ka yake riƙe da lissafin, ya koya ne daga ubansa, yana jefa tubali tun yana yaro har ranar da aka ce masa ya hau bango.

A Zariya wannan fasaha ta kai ƙololuwa, a Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a shekarun 1830. Masana gini daga ƙasashen waje sun yi ta zuwa auna shi. Wani ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya ƙare rayuwarsa yana auna gine-ginen gargajiyar Nijeriya yana zanawa, ya sa aka gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos, littattafansa uku suka fito a 1990. Sunan Babban Gwani ya tsira saboda sarki ya yi wa aiki kuma sarauta ta bi gidansa. A Kano ma akwai sarautar Sarkin Magina. Amma maginan da suka yi wa Ɗan Hausa aiki, ba sunansu ake kiran gidan da shi ba, ba kuma su ake ba yara labari ba. Wannan yana damuna.

In an gama rufi, saura kare shi daga ruwa, kuma a nan ne mutanen Kura ke da hannu a ginin soro ko da ba su taɓa riƙe tubali ba. Kura garin rini ne tun zamanin da. Rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura har Agadas da cikin Sahara Buzaye ke nemansa. A gindin kowace rijiyar karofi akwai lakar da baba da toka ke bari, in an kwashe ta an busar an ƙona sai ta zama katsi. Magini na karɓar katsin nan, ya haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, ya zuba ruwan dafara mai yauƙi, ya cuɗa. Abin da ya fito shi ne laso, wanda ruwa ba ya ratsawa. Da shi ake shafe rufin soro da rawanin bango, da shi kuma marina ke shafe rijiyoyinsu. Ka ga sana'a uku sun haɗu a rufin ɗaki ɗaya: sharar marini, sharar majemi, hannun magini. Jikin bango kuma akan yaɓe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ke ba shi launin nan mai duhu-duhu ta kuma sa ruwa ya zame.

Sauran abubuwan da ido ke ɗauka ado ne, yawancinsu aiki suke yi. Indararo yana cilla ruwa nesa da bango. Dakali yana tare gindin gini daga fantsamar ruwa da gogar dabbobi, ya kuma zama wurin hirar dattawa. Zanko da ke tsaye a kusurwoyi yana ƙara nauyi a inda ruwa ya fi cin gini, ga shi kuma shi ne kwarjinin gidan Bahaushe. Zanen fuskar gida, su dagi da sauransu, da yatsu ake fitar da shi tun yaɓe na ɗanye. Shi wannan kam ado ne tsantsa, kuma a nan magini ke nuna nishaɗinsa.

Ladan duk wannan wahala sai a watan Afrilu ake karɓarsa. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da ya tara da rana shi yake saki da dare. Wanda ya taɓa yin ƙailula a soro da bazara, ya kuma yi a ɗakin kwano marar silin, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Sai dai gidan ƙasa kamar dabbar kiwo yake, ba a mallakarsa a juya masa baya. Kafin kowace damina sai an hau an duba rufi, an share indararo, an cike tsaga, an sabunta yaɓe inda ya zaizaye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma ta nan yake bi. In ya sami azara ya jiƙa ta shekara da shekaru, rufin da ke da nauyin ƙasa mai yawa zai iya saukowa lokaci ɗaya. A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Zariya ya rufta ana cikin salla, mutane suka rasu, Allah ya jiƙansu. Mai son ginin ƙasa bai kamata ya kau da kai daga wannan ba. Akwai kuma gyaran da ya fi ɓarna illa, wato shafe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa na bukatar ta fitar da danshi, siminti kuma sai ya kulle shi a ciki. Daga waje bango sumul, daga ciki yana narkewa, har ranar da ɓawon simintin zai ɓallo da rabin bangon. Shekarun da Gidan Ɗan Hausa ya yi a tsaye, ba ranar da aka gina shi aka saye su ba. Duk shekara ake biyansu, da hannun wani magini.

A yankinmu abubuwa sun sauya cikin rayuwar mutum ɗaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya bi magudanai ya shiga Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Rani, wanda da shi ne lokacin kwaɓi da tubali, ya zama lokacin shinkafa da tumatir da alkama. Samarin da za su taka ƙasa suna fadama, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Kuɗin shinkafa ya shigo, kowa ya sayi bulo da kwano. Inda ruwan ban-ruwa ke kwanciya kusa da gari, danshi na tasowa ta gindin bango, wanda shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Giginya ta yi wuya, karofi da yawa sun mutu, katsi ya tafi da su. A Kumbotso kuma birni ne ya iso mu, gonakin Panshekara da Mariri da Ɗanbare sun zama fulotai. Ba na zargin magidancin da ya gaji da fargabar ruwan Agusta ya kira mai bulo. Abin da nake jin takaicinsa shi ne mun yar da ilimin gaba ɗaya, maimakon mu gyara inda yake da rauni. Tushe na dutse da siminti da zai raba bango da danshi, da rufi mai baki da zai kare shi daga ruwa, sun isa su magance yawancin abin da ake tsoro, sanyin ɗaki kuma ya tsaya yadda yake.

'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. A garin Yama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa har aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, a jihar Tawa ɗin dai, mai zanen gini Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa na matsi, aka gama a 2018, kuma maginan gargajiya na cikin waɗanda suka yi aikin. A can an kira magini da sunansa, an zaunar da shi tare da mai digiri.

Kiran da nake yi ga Hukumar Tarihi da Al'adu shi ne, duk lokacin da za a taɓa Gidan Ɗan Hausa a nemo maginan gargajiya ta hannun Sarkin Magina, a ba su ƙasa da azara da makuba, a hana siminti kusantar bangon, a kuma rubuta sunayensu a allo a bakin ƙofa. Sassan koyar da zanen gini na Jami'ar Bayero da ta Wudil su riƙa tura ɗalibai wurin dattawan nan tun suna da ƙarfin hawa bango. Kai kuma mai karatu, in a Kura kake ko Bunkure ko Kumbotso, tambaya a garinku ko akwai sauran wanda ya iya ɗaurin guga. In an nuna maka shi, ka je ka gaishe shi, ka tafi da yaron da zai koya.